Takardar neman aiki ta bogi da ta tona asirin masu ɗaukar ma'aikata

Wanda aka hana aiki ba ya ganin abin da ya faru a bayan ƙofa. Ko a ce masa an samu wanda ya fi shi cancanta, ko a yi masa shiru, kuma ba shi da hanyar sanin ko sunansa ne ya kayar da shi. Da a ce masu bincike sun tsaya ga tambayar masu kamfanoni ko suna nuna bambanci, da har yau musu ake yi, domin babu mai amsa wannan laifi da bakinsa. Ilimin ɗaukar ma'aikata ya samu gindin zama ne lokacin da aka bar tambaya aka koma gwaji.

A Birtaniya aka fara da gaske. Dokar hana wariyar launin fata ta 1965 ba ta shafi aiki da gidajen haya ba, ana kuma ɗaukar koken baƙi daga Indiya da Pakistan da tsibiran Karibiyan a matsayin zargi kawai. A 1967 cibiyar bincike ta PEP ta riƙa tura mutum uku neman aiki ko gida ɗaya: Bature ɗan ƙasa, farar fata ɗan Hangari, da baƙo mai duhun fata. Sanya ɗan Hangarin nan dabara ce babba, domin shi ma baƙo ne, amma ƙofofin da aka rufe wa na ukun da yawa an buɗe masa. Ashe matsalar launi ce, ba baƙunta ba. Gani ya kori ji, kuma a 1968 majalisa ta faɗaɗa dokar ta haɗa da aiki da gidaje.

Wannan hanya tana da rauni, kuma masanin tattalin arziki James Heckman ya fito da shi fili a 1998: mutum biyu ba sa taɓa zama ɗaya, wani ya fi wani fara'a ko iya magana, kuma ɗan gwajin da ya san abin da ake nema yana iya karkata sakamakon ko da bai yi niyya ba. Sukar gaskiya ce. Maganinta shi ne a cire mutum a bar takarda, abin da Roger Jowell da Patricia Prescott-Clarke suka riga suka gwada a Ingila tun wajen 1970 ta hanyar wasiƙu. Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka ɗaukaka hanyar a binciken da suka wallafa a 2004, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Shikago, ilimi da ƙwarewa iri ɗaya, suna kaɗai ya bambanta. Mai sunan farar fata irin Emily ko Greg yakan samu kira ɗaya cikin takardu goma, mai sunan baƙar fata irin Lakisha ko Jamal sai ya aika kusan goma sha biyar.

Sai aka ce ai suna yana iya nuna talaucin gida, ba launi kaɗai ba. Wannan ma abin dubawa ne, amma binciken Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort a Faransa a 2010 ya nuna yadda ake tsefe dalili ɗaya daga sauran. Sun ƙirƙiri mata biyu 'yan asalin Senegal masu sunan dangi ɗaya, Marie Diouf Kirista da Khadija Diouf Musulma. Asali ɗaya, takardun karatu ɗaya, amma kiran da Marie ta samu ya ninka na Khadija sau biyu da rabi. Duk mai ɗauke da sunan Musulunci a Turai ya san abin da wannan adadi yake nufi.

Suka mafi nauyi a wurina ita ce ta yaudara, domin ana ɓata wa mai kamfani lokaci da takardar mutumin da babu shi. Ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa jami'o'i ke sa kwamitocin ɗa'a su tace irin wannan bincike kafin a fara. Amma mintocin da ma'aikacin ofis ya ɓata ba su kai shekarun da ake ɓata wa matashin da ake watsar da takardarsa ba. Gaskiya ne kuma gwajin yana auna ƙofar farko kaɗai, ba ya ganin abin da ke faruwa a ganawa ko wajen ƙarin girma, ballantana ayyukan da ake rabawa ta hanyar sanayya ba tare da talla ba. Wannan yana nufin abin da aka gano ɗan kaɗan ne daga abin da ke akwai.

Binciken Patrick Kline da abokan aikinsa na 2022, mai takardu kusan 83,000 zuwa manyan kamfanonin Amurka 108, ya nuna cewa kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ne ke da alhakin kusan rabin kiran da baƙaƙen fata suka rasa. Wariyar tana da wuraren da ta fi ƙamari, ana iya gano su, don haka hukumar da ta ƙi bincike a yau ba ta da uzurin rashin hujja.