Wutar Daji a Makiyaya: Yadda Jama'a ke Tare Ta

Wutar daji ita ce gobarar da ke cin busasshiyar ciyawa a filin kiwo, galibi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa. A yankin Abuja ciyawa irin su gamba kan wuce tsayin mutum, shi ya sa wutar ta fi ta can arewa ƙarfi. Wanda ya saba bin hanyar Kurudu zuwa Orozo da Karshi da rani ya san baƙin toka a gindin duwatsu. Ita Karshi ɗin tana cikin makiyayai huɗu da aka keɓe a Babban Birnin Tarayya, tare da Wassa da Kawu da Paikon Kore.

Masu tayar da ita sanannu ne: mafarauta masu koro gafiya da gyazbi, masu ɗiban zuma, manomi mai share gona, sai makiyayin da ke ƙona tsohuwar ciyawa don ta yi toho. Tun 2011 hukumar NESREA take da dokar hana ƙona daji barkatai, amma gaskiya ba ma'aikaci ke kashe wutar tsakar dare ba.

Babban makamin jama'a shi ne share fili mai faɗi kamar hanya, kewaye da ruga da rumbuna da inda aka jibge kara da harawa, ta yadda in wuta ta iso ba ta da abin ci. Aikin gayya ne, da fartanya da manjagara, kuma da zarar an gama girbi ake yinsa. Wasu kan haɗa da ƙonan wuri, wato a sa wuta da sassafe tun ciyawa na da sauran danshi, ana tsare ta da ɗanyen ganye. A Nijar, musamman wajen Dakoro da Bermo a jihar Maradi, ana share irin waɗannan hanyoyi masu tsawon kilomitoci, har ana biyan masu aikin, ciyawar da aka kwashe kuma a adana wa dabbobi.

Amfanin mai unguwa da ardo da sarkin noma su zauna tun kafin lokacin ya wuce ceton ciyawa. In doya ko dawar wani ta ƙone, Bafulatani ake fara nunawa, ko da kuwa shi ma abincin shanunsa ne ya tafi. Inda aka tsai da ranar ƙonawa da wanda zai yi yekuwa a masallaci da coci, ana sanin wutar da ba ta cikin shiri, a kuma bi sawun mai ita.