Wasannin Share Fage na Gasar Kofin Afirka ta Mata

Wasannin share fage na Gasar Kofin Afirka ta Mata su ne karawar da ƙasashe ke yi a tsakaninsu domin neman gurbi a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta mata a nahiyar, wadda Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ke shiryawa bayan shekara biyu-biyu. Ƙasar da za ta karɓi baƙuncin gasar ce kaɗai ake ba gurbi ba tare da ta buga wasa ba. Sauran duka, har da mai riƙe da kofi, sai sun bi ta wannan mataki. Da yake daga gasar ne ake zaɓo wakilan Afirka a Gasar Kofin Duniya ta Mata, ƙasar da ta faɗi a share fage tana iya yin asarar abu biyu a lokaci guda.

Asali

A 1991 da 1995 babu rabuwa tsakanin share fage da gasar kanta. Gida da waje aka riƙa bugawa tun daga farko har wasan ƙarshe, babu mai masaukin baƙi. Janyewar ƙasashe ta yi yawa a 1991, har Kamaru ta kai wasan ƙarshe ba tare da ta taka leda ko sau ɗaya ba. Najeriya ta doke ta gida da waje, ta wakilci Afirka a Gasar Kofin Duniya ta Mata ta farko da aka yi a Sin a wannan shekarar.

A 1998 ne aka fara tara ƙasashe a wuri ɗaya, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙunci a Kaduna da Abeokuta. Daga nan aka ware wasannin neman gurbi daban. An daɗe ana yin gasar da ƙasashe takwas, kafin a ƙara su zuwa 12 a gasar 2022 da aka yi a Maroko. An soke ta 2020 saboda annobar korona.

Yadda ake bugawa

Tsarin na sili-ɗaya-ƙwale ne, a zagaye biyu. Ana haɗa ƙasa da ƙasa ta hanyar ƙuri'a, su buga wasa biyu, ɗaya a gidan kowacce, galibi da tazarar 'yan kwanaki. Wadda ta fi yawan ƙwallaye a jimilla ita ke wucewa. Idan aka yi kunnen doki, sai a duba wadda ta fi zura ƙwallo a gidan abokiyar karawarta. Idan nan ma an zo daidai, sai bugun daga kai sai mai tsaron gida, ba tare da ƙarin lokaci ba. A wasu shekarun akan ɗauke wa manyan ƙasashe zagayen farko, su jira a na biyu.

Wannan tsari ba ya barin damar gyara kuskure kamar yadda wasannin rukuni ke bari. Minti 180 ne ke yanke hukuncin aikin shekara biyu. Shi ya sa Kamaru, wadda ta kai wasan ƙarshe a 2014 da 2016, ta rasa gurbi a gasar 2024 bayan Kenya ta fitar da ita a bugun fenariti a zagayen farko, cikin Satumban 2023.

Najeriya a share fage

Tawagar Najeriya, Super Falcons, ba ta taɓa rasa gurbi a gasar ba, kuma ta ɗauki kofin sau 10 daga 1998 zuwa 2025, ban da nasarorin 1991 da 1995. Duk da haka, ba kullum hanyar ke yin sauƙi ba. Mafi tsanani a shekarun nan ita ce ta neman gurbin 2022, wadda ƙasashe 44 suka shiga suna neman gurabe 11. An raba zagayen farko shiyya-shiyya, abin da ya haɗa Najeriya da Gana tun da wuri. A Oktoban 2021 Uchenna Kanu ta ci ƙwallo biyu a Legas, aka tashi 2-0. A Akara Gana ta yi nasara da 1-0, amma ƙwallo ɗaya ba ta ishe ta ba, ta zauna a gida duk da tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarfi a nahiyar. A Fabrairun 2022 Najeriya ta doke Kwadebuwa da 2-0 a Abuja, Ifeoma Onumonu ce ta ci duka biyun, sannan Esther Okoronkwo ta ci ɗaya tilo a Abijan.

A neman gurbin 2024, Sao Tome ta janye kafin a buga, sai Najeriya ta wuce zagaye na biyu, inda ta lallasa Cape Verde da 5-0 a Abuja, ta kuma ci 2-1 a Praia. Gasar da aka sami gurbinta a lokacin sai a Yulin 2025 aka buga ta, inda Najeriya ta farfaɗo daga ci biyu da nema ta doke Maroko da 3-2 a wasan ƙarshe a Rabat.

Matsaloli

A share fage ne ake ganin ainihin halin da ƙwallon mata ke ciki a Afirka. Matsala ta farko ita ce kuɗi: tikitin jirgi, masauki da alawus ɗin 'yan wasa kan fi ƙarfin ƙananan hukumomin ƙwallo, sai su janye. Ta biyu ita ce tazarar ƙwarewa. A Oktoban 2021 Kwadebuwa ta ci Nijar 20-0 a wasa biyu, sakamakon da ke nuna bambanci tsakanin ƙasar da 'yan wasanta ke buga gasa a kai a kai da wadda ake tattaro 'yan wasa dab da ranar karawa. Ta uku ita ce filaye: ƙasar da CAF ba ta amince da filinta ba dole ta buga wasan gidanta a wata ƙasa, kamar yadda Jamhuriyar Benin ta karɓi Najeriya a Lome ta Togo a Oktoban 2025. Akwai kuma rikicin takardu, irin wanda ya sa aka kori Ekwatoriyal Gini daga gasar 2016 saboda sanya 'yar wasan da ba ta cancanta ba, aka ba Mali gurbinta.

A ƙasar Hausa

Yawancin 'yan wasan Super Falcons daga kudancin Najeriya suka fito, ko kuma daga cikin 'ya'yan 'yan Najeriya mazauna Turai da Amurka, kuma a Abuja, Legas da Abeokuta aka buga wasannin gida na share fage a shekarun nan. A garuruwa irin su Taura, Ringim da Dutse, gidajen kallon ƙwallo sun fi cika ranar wasannin Ingila da Sifaniya, labarin tawagar mata kuwa ta rediyo da wayar hannu ya fi isowa. Amma Arewa ba ta rasa hannu a ciki ba. Ƙungiyoyin Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens sun buga babbar gasar mata ta ƙasa, kuma Justin Madugu, kocin da ya jagoranci ɗaukar kofi na 10, ɗan jihar Adamawa ne.

Halin da ake ciki

Najeriya ta sami gurbin gasar 2026 da jimillar 3-1 a kan Benin, bayan 2-0 a Lome da 1-1 a Abeokuta. Bayan kammala share fagen, CAF ta faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 16, ta dawo da Kamaru, Kwadebuwa, Mali da Masar bisa matsayinsu a jadawalin FIFA. Wannan gasa ce hanyar fitar da wakilan Afirka a Gasar Kofin Duniya ta 2027 a Brazil. Ƙarin gurabe zai rage faɗuwar manyan ƙasashe tun a zagayen farko, amma ba zai rufe tazarar da ke tsakaninsu da irin su Nijar ba. Wannan sai da gasa mai ɗorewa a cikin gida, da masu horarwa, da kuɗin da zai kai tawaga filin wasa a kan lokaci.