Mazhabobin Ilimin Halayyar Ɗan Adam da Rigimar Hujja

Littattafan koyarwa kan jera mazhabobin ilimin halayyar ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya, kowace da jagoranta da aƙidarta. A ganina, tambaya guda ce ta haife su kuma ta raba su: mece ce hujjar da za a karɓa game da abin da ke cikin zuciya, alhali ba mai ganinsa sai mai shi?

Tunani a kan rai tsoho ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili. Abin da ƙarni na 19 ya zo da shi sabo shi ne awo. A wajejen 1850 Hermann von Helmholtz ya auna saurin saƙo a jijiyar kwaɗo, ya tarar kimanin mita 30 ne a daƙiƙa. Ashe saƙon jiki ma lokaci yake ci, kuma abin da ke cin lokaci agogo na iya kama shi. Wilhelm Wundt, wanda ya yi wa Helmholtz mataimaki, ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879. A nan za a zaunar da mutum, a buga wata ƙara, ya danna maɓalli, na'ura ta rubuta tazarar har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Amma agogo bai isa ya faɗi abin da mutum ya ji ba, dole a tambaye shi. Edward Titchener, almajirin Wundt da ya koma Jami'ar Cornell a Amurka, ya horar da mutane su leƙa zuciyarsu su fasa kowane ji zuwa ƙananan sassansa. William James, a babban littafinsa na 1890, ya fi damuwa da amfanin da hankali ke yi wa mai shi wajen rayuwa. Matsala ta fito fili da ɗaliban Oswald Külpe a Würzburg suka ce sun gano tunanin da ba shi da wata sura a zuci, mutanen Titchener kuwa suka ce su ko yaushe suna ganin sura. Wa zai raba gardama? Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne bai horu ba.

Daga wannan cijewar John Watson ya fito a 1913, ya ce a bar zancen zuci gaba ɗaya, a nazarci abin da ido ke gani, wato ɗabi'a. Aikin Ivan Pavlov a Rasha ya ba shi madogara. Pavlov yana tara yawun kare ta ɗan bututu, ɗigo-ɗigo, ya nuna cewa ƙarar da aka saba haɗawa da abinci ita kaɗai takan sa yawun zuba. B. F. Skinner ya sa ɓera a akwati mai ɗan ƙarfen dannawa, ya gano cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kowanne ɗaure dabba ga aiki. Wanda ya ga yadda caca ke riƙe matashi ya san wannan binciken ba na ɓera kaɗai ba ne. Ina ganin wannan mazhaba ta yi wa fagen babban alheri, domin ta tilasta kowa ya kawo hujjar da wani zai iya maimaitawa.

Kuskurenta shi ne mai da ƙa'idar aiki aƙida. Daga cewa ba za mu iya auna zuciya ba, sai aka zarce zuwa cewa ba ma bukatarta. Dabbobin da kansu suka ƙaryata haka. A 1966 John Garcia da Robert Koelling suka nuna cewa ɓera yakan danganta ciwon ciki da ɗanɗanon abin da ya sha, amma ba ya danganta shi da haske ko ƙara, ko da an haɗa su tare. Ke nan ƙwaƙwalwar dabba ba allo ne fari fat ba. Kafin haka, a 1959, Noam Chomsky ya ragargaji bayanin Skinner kan harshe: yaro ɗan shekara huɗu yakan furta jimlar da bai taɓa ji ba, to wane lada ne ya koya masa ita?

Sigmund Freud, likitan birnin Biyana, hujjarsa daban ce: abin da majiyyaci ke faɗa yana kishingiɗe, da mafarkinsa, da tuntuɓen harshensa. Littafinsa kan fassarar mafarki na ɗauke da shekarar 1900. Ya yi daidai da ya nace cewa mutum bai san dukan abin da ke tuƙa shi ba, kuma sauraron majiyyaci magani ne. Sai dai in majiyyaci ya yarda da fassara an ce ta tabbata, in ya musa an ce turjiya ce, ita ma ta tabbatar. Karl Popper ya ce ra'ayin da ba abin da zai iya ƙaryata shi ya fita daga kimiyya, kuma ina tare da shi.

Masu mazhabar Gestalt, tun daga Max Wertheimer a 1912, sun nuna cewa fitilu biyu masu ƙiftawa bi da bi ido yakan gan su a matsayin haske ɗaya mai motsi. Mulkin Nazi ya tarwatsa wasu jagororinsu zuwa Amurka. Abraham Maslow da Carl Rogers sun maido da zancen zaɓi da mutunci, Rogers ma yana cikin na farko da suka naɗi zaman jinya a faifai don a bincika.

Zuwan kwamfuta ya halasta maganar abin da ke ciki. Maƙalar George Miller ta 1956 kan iyakar abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa lokaci guda, da littafin Ulric Neisser na 1967, sun kafa mazhabar nazarin tunani. Ta yi nasara ne saboda ta riƙe horon masu nazarin ɗabi'a: tana hasashen abin da ke ciki, sannan ta gwada hasashen da kuskure da lokacin da aka auna a waje.

Saura tambayar da duk mazhabobin suka yi sakaci da ita: a kan wa aka tattara hujjar? A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankali cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a manyan mujallun fagen sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ana koyar da ƙa'idar shaƙuwar jariri da uwa a kwalejojinmu kamar gida ɗaya ne a duniya. Amma ƙaramin binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da abokansu suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa ya tarar yaro yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, ya fi manne wa wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba. A gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, kaka da kishiya da 'yar raino ke karɓarsa, irin wannan bincike ya kamata ɗalibanmu na Kano da Zariya da Damagaram su maimaita da yara masu yawa.