Daga Zauren Hakimi zuwa Manhaja: Tarihin Ɗaukar Aiki a Ƙasar Zamfara

Kowace shekara Jami'ar Tarayya da ke Gusau, da Kwalejin Kiwon Lafiya ta Tsafe, da Kwalejin Fasaha ta Ƙaura Namoda suna yaye ɗalibai, kuma kusan dukkansu takarda ɗaya suke rubutawa bayan sun fito: takardar neman aiki. Asibiti ko makaranta ko ƙungiyar agaji da ta tallata gurbi goma tana iya wayar gari da takardun da ba wanda zai iya karance su cikin mako guda. Wannan ne ya sa ma'aikatu suka fara sayen manhajar tantance masu neman aiki, wadda ke karɓar takardu, ta jera su, ta zubar da wasu, ta miƙa wa jami'i ragowar. Masu tallar ta suna cewa ita ce maganin “wa ka sani”. Kafin a gaskata su, ya kamata a waiwayi yadda aka riƙa ɗaukar aiki a wannan yanki cikin shekara ɗari biyu, domin an sha kawo sabon tsari da irin wannan alkawari.

Lokacin da neman muƙami aibi ne

A farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau bayan rikicin 'Yandoto, ba a san mutum ya rubuta takarda yana roƙon a ba shi aikin hukuma ba. Malaman jihadi sun riƙe hadisin da ya nuna cewa mai kwaɗayin shugabanci bai cancanci a ba shi ba, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna wannan a littafinsa Usulus Siyasa. A ƙa'ida, shugaba ne ke da nauyin nemo mai ilimi da amana, ya ɗora masa aikin alƙalanci ko limanci ko riƙon baitulmali.

Ƙa'idar tana da kyau, amma shugaba ba ya iya zaɓen wanda bai sani ba. Saboda haka hanyar samun aiki ta zama kusanci: mutum ya yi barantaka a gidan wani babba, ya yi masa hidima shekara da shekaru, a ga halinsa, sannan a saka masa da muƙami. Wannan tsari yana da ƙarfinsa, domin ubangida ya san baransa ciki da waje, kuma idan baran ya ci amana, kunyar tana komawa kan wanda ya tsaya masa. Rauninsa kuwa Hausawa sun faɗe shi tun tuni, da suka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Haziƙin da ke wani ƙauye a bayan Bungudu, wanda bai da mai kai shi zaure, ba a ma san da shi ba balle a ƙi shi.

En'e, jirgin ƙasa da diban gwamna

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka kafa mulkin En'e, suka mayar da hidimar fada aikin albashi. Aka sami malaman haraji da na jangali, da magatakarda, da ma'aji, da 'yan doka. Sharaɗi sabo ya shigo, wato iya boko da lissafi, sai dai bai kori tsohon sharaɗin ba. 'Ya'yan sarakuna da na bayinsu aka fara kaiwa makaranta, don haka takardar shaida da asalin gida suka riƙa tafiya tare. Ahmadu Bello misali ne: jinin Shehu ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya yi koyarwa, ya riƙe hakimcin Rabah, sannan a 1938 aka naɗa shi Sardauna, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Lardin Sakkwato.

A wannan lokaci Gusau ta riga ta zama garin kasuwanci. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka buɗe kantuna, suna bukatar akawu da direba da makaniki. Masu takardar da ta dace galibi 'yan Kudu ne, su suka cika Sabon Gari. 'Yan ƙasa kuwa leburanci ya fi samuwa gare su, kuma helma ne ke zaɓen su a bakin ƙofa da ido: wannan ya shiga, wancan ya dawo gobe.

Akwai kuma aikin da ba wanda ke so. A Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka kira diban gwamna. Ana yanka wa lardi adadi, lardi ya yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa dagaci, dagaci ya kawo sunaye. Sanyin tsaunin Jos da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane cewa ɗan dagaci ba shi ne na farko a irin wannan jeri ba. Darasin da talaka ya koya shi ne, duk inda aka ce a kawo sunaye, mai riƙe da alƙalami shi ne sarki.

Zamanin fom da hukuma

Bayan 1954, da Jihar Arewa ta sami hukumar ɗaukar ma'aikata tata, aka shiga zamanin talla a jarida, da cike fom, da ganawa gaban kwamiti. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da ayyuka hannun 'yan Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauki baƙo daga waje bisa kwantaragi, wanda zai tafi idan wa'adinsa ya cika. Makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa horar da matasa cikin gaggawa don cike guraben. A lokacin, masu takarda sun yi ƙaranci ƙwarai, har aiki ne ke neman mutum tun bai bar aji ba. Masaƙar Zamfara da aka buɗe a Gusau cikin shekarun 1960 ita ma ta ɗauki ɗimbin ma'aikata daga garin da kewayensa.

Wannan manufa ta shigar da wani abu da bai sake fita ba, wato tambayar “ɗan ina ne?” a matsayin sharaɗin aiki. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da ita doka a matakin ƙasa, ya ce dole ayyukan gwamnatin tarayya su nuna kowane sashe na Nijeriya. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Hukumar Raba Daidai don tabbatar da haka, kuma a ranar 1 ga Oktoba na shekarar aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato. Daga ranar, ɗan Tsafe da ɗan Bungudu suka daina gasa da ɗan Sakkwato a kan kaso ɗaya. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama kadara, kuma ikon sa hannu a kanta ya koma wurin da sunaye suka saba fitowa tun zamanin En'e: mai unguwa, hakimi, sakatariya.

An yi rabon ne don kare jihohin da suka makara a boko, kuma ya kare su. Amma da masu takarda suka yawaita, guraben suka ragu, masaƙu suka durƙushe, kason jiha ya zama abin da manya ke rabawa a tsakaninsu. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki, inda wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki.

Shigowar intanet

An kawo rajista ta intanet da niyyar cire hannun mutum daga tsakani. Gwajin da ya fi zama a zukatan jama'a shi ne na Hukumar Shige da Fice. Fiye da mutum 500,000 suka yi rajista, kowa ya biya naira 1,000, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba. Na'ura ta karɓi kuɗi da sunaye, amma ba a yi amfani da ita an tace kowa ba. Ranar 15 ga Maris, 2014, aka kira su duka filayen wasa, aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu.

Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya nuna ɗaya fuskar. An haɗa rajista da lambar BVN, aka yi jarrabawa a waya ko kwamfuta, kuma matasa da dama da ba su san kowa ba sun ga sunayensu sun fito. Rukunin farko mutum 200,000 ne. Zuwa 2020 masu neman shiga rukuni na uku sun haura miliyan 5. A wannan shekarar ce kuma aka fito da shirin ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, Gusau dubu, Tsafe dubu, Bungudu dubu, a kan naira 20,000 a wata har wata uku. Tun kafin a ɗauki kowa, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan Majalisar Tarayya suka yi cacar baki a gaban 'yan jarida kan wanda zai kafa kwamitocin zaɓen sunayen. Rigimar mai riƙe da alƙalami ce ta sake dawowa.

Zamfara ta ƙara koyon wani darasi nata na daban. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe wa birnin Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duk gurbin da aka buɗe aka rufe a intanet cikin waɗannan makonni, ɗan Tsafe sai ya yi tattaki zuwa inda ake da sabis, a kan hanyar da kowa ya san haɗarinta, kafin ya cike fom. Manhajar ba ta ƙi shi ba. A lissafinta bai nema ba ne kawai, kamar haziƙin nan na bayan Bungudu da bai taɓa isa zaure ba.

Abin da mai saye zai tambaya

Manhajar tantancewa rariya ce, kuma mutum ne ke yanka girman idonta. Tana karanta takardar CV, ta ciro suna da shekaru da makaranta, ta nemi wasu kalmomi da aka umarce ta, ta ba da maki. Idan aka ce mata kada shekaru su wuce 27, za ta zubar da wanda yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya tsayar, da wanda rufe makarantu saboda satar ɗalibai ya jinkirta, ba tare da wani ya ga fuskarsu ba. Ko Amazon, da duk ƙwarewarsa, ya yi watsi da wata manhajar gwaji da ya ƙera, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, domin daga takardun shekarun baya ta koyi zaɓe, kuma galibinsu na maza ne. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fallasa wannan a 2018.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin matsala ta suna. Makarantun boko sun saba laƙaba wa yaro sunan garinsu, shi ya sa ake da Gusau da Bungudu da Tsafe birjik a matsayin sunan ƙarshe, kuma Turawa Chafe suka riƙa rubutawa, har yau wasu takardun haka suke ɗauke da shi. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a banki, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Akawun En'e ya san mutum ɗaya ne. Manhajar da aka ƙera don sunayen Amurka tana iya ɗaukar sa mutum uku, ko ta haɗe mutum uku masu suna Aminu Bello Gusau ta mayar da su ɗaya.

Don haka, kafin shugaban ma'aikata ya sa hannu a kan kwangilar saye, akwai abubuwan da tarihin nan ya wajabta masa tambaya. Shin fom ɗin yana buɗewa a ƙaramar waya da raunin sabis, kuma yana ajiye abin da aka cike idan layi ya yanke? An gwada ta da sunaye da takardun mutanen yankin, har da na NCE da difloma? Tana rubuta sunan duk jami'in da ya saka wani a jeri ko ya cire shi, da ranar da ya yi, ta yadda ba mai iya gogewa? Tana iya gaya wa wanda aka ƙi dalilin ƙin sa? Wannan ta ƙarshe doka ma ta tanade ta: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba mutum damar ƙin amincewa da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, domin a nan ne kaɗai manhaja ta zo da abin da babu shi a da. Hakimi bai bar rubutaccen dalilin da ya sa ya zaɓi wane ba, helma bai bari ba, kwamitocin rabon gurabe ma ba su bari ba. Manhaja tana iya barin sawun kowane hannu da ya taɓa jerin sunaye. Ma'aikatar da ta sayi mai wannan siffa, ta kuma yarda mai bincike daga waje ya duba sawun, ta canza wani abu a tarihin da ya faro tun zamanin Ɗan Ashafa. Wadda ta kashe wannan ɓangare kuwa, ta bar jami'i yana sauke jerin yana gyarawa a ofishinsa, kuɗinta kawai ta kashe: tsohon alƙalamin dagaci yana nan a hannun mai shi, sai dai yanzu idan aka ƙi ɗan talaka za a ce masa kwamfuta ce.