Daga Tsiga Zuwa Shika: Ƙuncin Ƙofar Ƙwarewa a Likitancin Haƙori

Manomin Tsiga da muƙamuƙinsa ya kumbura yakan fara da mai kemis, daga nan Bakori, sannan Funtuwa. In abin ya gagara, a rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa da ke Shika. Sai a can zai ga likitan da ya iya cire ƙashin da ƙari ya cinye. Irin waɗannan likitoci ƙidayayyu ne, kuma ƙarancin nasu tsoho ne.

A Legas aka fara koyar da likitancin haƙori a Nijeriya, a 1966. Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa kuwa sai bayan 2000 ta samu nata, a Maiduguri, daga baya a Jami'ar Bayero. A tsawon wannan jira, sashen tiyatar baki da fuska na asibitin koyarwa na ABU a Kaduna, inda Farfesa Adekeye ya yi suna, shi ne madogarar yanki mai faɗin gaske.

Hanyar ƙwarewa kowa a fagen ya haddace ta. Bayan digiri, shekara guda ta sanin makamar aiki, shekara guda ta bautar ƙasa, sai jarabawar da likitoci ke kira firamare, ko ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma.

Sai dai cin firamare ba shi ne wuyar aiki ba. Gurbin horo aiki ne mai albashi, don haka asibiti ba ya ɗauka sai an ba shi izini da kuɗi, kuma dole ɗaya daga cikin kwalejojin biyu ta amince sashen yana da manyan likitoci da kayan aikin koyarwa. Matashi yana riƙe da sakamakonsa, yana ciran haƙori a asibitin kuɗi, kunnensa na kan sanarwa daga Kano ko Zariya ko Sakkwato. In ta fito, tiyatar fuska da gyaran jerin haƙora ne ake rububi a kansu. Wanda ya dace zai ƙara shekara biyar ko fiye kafin a kira shi kwansaltan. Wasu kan gaji da jira su tsallaka Saudiyya ko Ingila, kuma da wuya mutum ya ga laifinsu.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne aikin na nan jibge. A Sakkwato akwai asibitin yara masu zaizayar baki tun 1999, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin waɗanda aka yi watsi da su a Disamban 2023. Iyaye daga ƙauyuka masu nisa na kai 'ya'yansu can, fuska lulluɓe da gyale, suna jiran layin tiyata ya zo kansu.