Kunne Ya Girmi Kaka: New Bell a Bakin Sautukanta

Unguwar New Bell da ke birnin Duwala ta samo asali ne daga ƙyamar maƙwabtaka. A shekarar 1910 Jamusawa, masu mulkin Kamaru a lokacin, suka ƙulla shirin kwashe mutanen gari daga bakin kogin Wouri zuwa can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin Bature da baƙar fata, wai don gudun zazzaɓi. Wurin da aka ware wa zuriyar Bell shi aka kira Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ce bai yarda ba, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Yawancin 'yan ƙasa suka ƙi tarewa, sai baƙi suka cike wurin: Bamileke da Bassa da Ewondo, da kakanninmu Hausawa, fataken goro da shanu da tufafi, da mahauta da malamai.

Abin da aka rubuta a kan unguwar daga baya, mafi yawansa aikin hukuma ne: taswira, ƙidayar masu biyan haraji, rahoton 'yan sanda kan yajin aikin Satumba 1945 da tarzomar Mayu 1955. Irin waɗannan takardu kan faɗi yawan mutane da yawan waɗanda aka kama, ba sa faɗin yadda asuba take a kunnen mazaunin unguwa. Mu kuwa a can tarihinmu yake.

Ka tuna, ya ɗan'uwa mai karatu, da muryar ladan tun kafin lasifika ta shigo, lokacin da faɗin unguwa shi ne iya inda kiran salla ya kai. Ka tuna da kalangun mahauta, da amon wuƙa a kan dutsen wasa, da almajirai suna rera karatu kowa da allonsa kowa da surarsa. Ga kuma ruwan Duwala, wanda ya ninka na Kano kusan sau huɗu, in ya sauko kan rufin kwano a watan Agusta dole malami ya dakata har ya tsagaita. Ga kukan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Ngaundere a 1974, ya riƙa saukar da shanu da 'yan'uwa daga arewa. Rediyo ma ta shigo da nata: an buɗe Rediyo Duwala a 1941, BBC ta fara shirin Hausa a 1957, har aka wayi gari teburin mai shayi ya zama majalisa. Yau ƙarar babura 'yan bensikin da janareta ta danne rabin waɗannan, sauran rabin kuma yana bin tsofaffi zuwa makwanci.

Tattara sautin yau da kullum a gina wani abu da shi ba sabon aiki ba ne. A 1948 Bafaranshe Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a Faris, ya yayyanka, ya jera, ya fitar da shi a matsayin kiɗa. A Kanada kuma R. Murray Schafer ya riƙa koya wa ɗalibansa abin da ya kira wanke kunne, wato su yi shiru su lissafa duk abin da suke ji, kafin ya fitar da babban littafinsa a 1977. A nan gida, cibiyar doual'art da Marilyn Douala Manga Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991 ta kawo irin wannan tunani kan titi. A bikinta na 2010 Lucas Grandin ya gina lambun sauti a Bonamouti, inda ruwan sama ke ɗiga cikin gwangwanaye yana ba da amo, Hervé Yamguen kuma ya ɗora kalaman matasan mawaƙan New Bell a jikin bangayen unguwar.

Ni dai a ganina, mu muka fi kowa dacewa da wannan darasi, domin karatunmu na asali ta kunne yake shiga. Yaro ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi. Wannan ne ya sa nake ba yaran da nake koyarwa da yamma aiki iri uku. Da farko su zauna shiru minti biyar a ƙofar gida, su rubuta abin da suka ji da Hausa. A nan nake gane inda harshe ya zube: yaro ya san kalmar Faransanci ta ƙara, amma bai san bambancin amo da kuwwa da gurnani da kwaramniya ba. Na biyu su ari wayar gida, su nemi izini, su naɗo sauti uku da muryar tsoho ɗaya yana faɗin abin da ya saba ji da ya ɓace. Na uku mu jera su a waya ko kwamfuta, daga asuba zuwa lisha, cikin minti uku kacal. Gardamar da ke tashi wajen zaɓen abin da za a bari da abin da za a yanke, ita ce ainihin aikin marubucin tarihi.

Wata yarinya ta taɓa kawo muryar kakarta tana kwaikwayon tallar fura ta zamanin ƙuruciyarta, da irin jan muryar da babu mai yinsa yanzu. Tsohuwar ta rasu bayan damina, Allah ya jiƙanta. Daƙiƙa arba'in ɗin nan su ne kaɗai shaidar da ta rage cewa an taɓa yin wannan kira a lungunsu.

An ce gani ya kori ji, amma abin da ido bai riska ba sai kunne ya kawo shi. Duk mai tsoho a gida, a New Bell yake ko a Briqueterie ta Yawunde ko a Sabon Zango na Akra, ya miƙa wa jikan waya tun muryar na fita.