Akwatin Kakana da Dattijon Tudun Wada

Yau tarihi za mu taɓa, amma daga ɗakin kakana za mu fara.

Bayan rasuwarsa, mun tarar da wani akwatin rediyo na katako, nauyinsa kamar buhun gero. Na so in jona shi da wuta nan take, sai yayana ya ce in fara kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a nan Tudun Wada, Zariya. Da dattijon ya buɗe bayansa, sai ga wasu 'yan kwalabe jere kamar ƙwan fitila. Ya ce, "Yaro, waɗannan su ne bawul. Da ka jona, da ka ƙona taransifoma."

To, mene ne bawul? A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙirƙiro kwalbar da ke karɓar ƙaramar sigina ta ƙara mata ƙarfi. Wannan shi ne tushen amfilifaya. Kuma da amfilifaya rediyo ya fara shiga gidajen Arewa. A zamanin Turawa, tasha ɗaya ce ke kamo shirye-shiryen BBC, ta ƙara musu ƙarfi, ta tura su ta waya zuwa akwatunan lasifika a gidajen masu biyan kuɗi. Kano ta samu irin wannan tasha a 1944, Zariya ta biyo baya kafin 1950. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Daga baya taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya kawo ƙananan rediyo masu batir, bawul ya fara ja da baya.

Amma masu sha'awar magana da juna ta gajeren zango, waɗanda a Najeriya lambar kiransu ke farawa da 5N, sun daɗe suna riƙe da shi, domin bawul na jure wuta mai yawa. Amfilifaya irin Heathkit SB-220 tana aiki da bolt sama da 2,000.

Nan ne haɗarin yake. Dattijon ya nuna min kwandansa, ya ce tana riƙe wuta ko bayan an cire soket, shi ya sa sai ya sauke wutar ta resista, ya auna da mita, kafin ya sa hannu. Tsofaffin kwandansa na takarda kuwa suna yoyon wuta, dole a canja su. Da zai gwada akwatin, sai ya bi da wutar ta cikin ƙwan fitila: in ƙwan ya haska sosai, akwai matsala a ciki.

Abin da ya fi burge ni, kowace waya ana iya bin ta da ido, daga inda ta taso har inda aka liƙa ta da dalma. Ya zana min hanyarsu a bayan kwali, ba littafi a gabansa.

Na tambaye shi yaransa nawa ke koyo. Ya yi murmushi ya ce, "Duk sun koma gyaran waya."

Akwatin ya yi magana bayan mako biyu. In akwai irinsa a gidanku, don Allah kar ku jona, kar ku sayar wa 'yan gwangwan. Ku nemi dattijon unguwarku, ku zauna kusa da shi da biro da takarda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.